Yadda ake tafiyar da aikin duba gari a cikin birni, tun daga rajista har zuwa kotu

Wani ƙanena a wajen aiki da aka ba shi shugabancin sashen duba gari a ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin cikin birnin Kano ya kira ni yace yaya, an miƙa min makullin ofis da ma'aikata da babur guda ɗaya, dan Allah daga ina zan fara? Mun daɗe a waya har katinsa ya ƙare bamu gama ba, shine nace bari in zauna in rubuta yadda na san ana yi, ko wani ma zai amfana, dan aikin nan rayukan mutane ne a hannunka kuma mafi yawan waɗanda zaka ceta basu ma san ka cece su ba.

Mataki na farko, ka san iyakar ikonka

Kafin ka taka ƙofar kowa ka zauna ka karanta dokar da ta ba ka ikon shiga. Kundin tsarin mulki na 1999 a jadawali na huɗu ya lissafa abubuwan da ke hannun ƙaramar hukuma, akwai kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da banɗakunan jama'a da kwashe shara da gidajen abinci da gidajen burodi da maƙabartu. Bayan shi sai dokar lafiyar jama'a ta jiharku da ƙananan dokokin da majalisar kansiloli ta yi. Ka buga kwafi ka ajiye a ofis, kowane ma'aikaci ya san sashen da yake dogara da shi in zai rubuta notis, saboda watarana zaka gamu da ɗan kasuwar da ya fi ka lauya.

Sannan ka san abin da ba naka ba. Rajistar fiya wata da kayan gwangwani da magani aikin NAFDAC ne, ruwan masana'antar fata da ke fitowa daga Challawa da Sharaɗa da Bompai akwai NESREA, wato hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, da ma'aikatar muhalli ta jiha, kwashe manyan bololi a Kano aikin REMASAB ne, hukumar kwashe shara ta jiha, duba lafiyar dabba kafin yanka da bayan yanka na likitan dabbobi ne. Kai naka ka gani ka rubuta ka sanar da su, ka kuma riƙe lambar mutum ɗaya a kowace hukuma wanda in ka kira zai ɗauka. Ma'aikatanka kuwa ka duba wa ke da lasisin majalisar rajistar ma'aikatan duba gari da dokar 2002 ta kafa, wadda a da ake ce mata EHORECON yanzu EHCON, domin wanda bashi da lasisi bai kamata ya sa hannu a takardar da za ta je gaban alƙali ba.

Mataki na biyu, rajista

Nan ne gindin aikin gaba ɗaya kuma nan ne aka fi tsallakewa. Ba zaka iya duba abin da baka san yana nan ba. Ka ware sati uku ko huɗu babu tara babu kamu, ku bi mazaɓa mazaɓa, lungu lungu, ku rubuta komai, gidan burodi, mai tuwo-tuwo, mai shayi, mai tsire da balangu, gidan fiya wata, masu zoɓo da kunun aya da ƙanƙara, burtsatsen da 'yan garuwa ke ɗiba, gidan wanka da ba-haya, injin niƙa, makarantun boko da islamiyya da tsangaya, otal, wanzamai da masu aski, masu cika tukunyar gas, masu sayar da fetur a jarka, kududdufai da bololin da ba na hukuma ba. Kowanne a rubuta sunan mai wurin da lambar waya da kwatance irin wanda baƙo zai gane, da inda suke samun ruwa da inda suke zubar da ƙazanta.

Kada ka shiga unguwa baka fara gaida mai unguwa ba. Ka je da kanka ka cire takalmi ka zauna, kace ranka ya daɗe mun zo ne mu san jama'arka kafin mu fara aiki, shi zai haɗa ka da yaron da ya san kowane soro, kuma gidan burodin da ke ɓoye a bayan gida mara allo ta bakinsu zaka ji shi. A kasuwa sarkin kasuwa da shugabannin layi, a mayanka sarkin fawa. In kuna da waya mai kyau akwai manhajar KoboToolbox kyauta ce, tana aiki ko babu intanet kuma tana ɗaukar hoto da wurin da kake tsaye, amma duk da haka ka riƙe babban littafi mai bango mai tauri a ofis, waya tana ɓata, ma'aikaci yana samun canjin wurin aiki ya tafi da ita.

Mataki na uku, ka raba wuraren gida uku

Ma'aikatanka ba za su taɓa isa ba, toh dole ka zaɓi inda ƙafarsu za ta fi yawan zuwa. Tambaya biyu zaka yi wa kowane wuri a rajista, in abu ya lalace a nan mutum nawa zai taɓa, kuma yaya tarihin wurin yake. Burtsatse ɗaya da kurar 'yan garuwa hamsin ke ɗiba kullum ya fi shagon tireda ɗari haɗari, mai dafa wa ɗaliban kwana abinci ya fi mai sayar da biskit. Ni ja da ruwan ɗorawa da kore nake sa musu. Ja a je duk wata, wato ruwan sha da mayanka da abincin makaranta da masu haɗa abin sha da duk wanda aka taɓa kamawa da babban laifi, ruwan ɗorawa duk wata uku, kore sau ɗaya ko biyu a shekara. Wanda ya gyara sau uku a jere ka sauke shi daga ja kuma ka faɗa masa ka sauke shi, mutane suna jin daɗin a ga ƙoƙarinsu.

Masu haɗa abin sha kada ka raina su dan jarinsu ƙarami ne. A 2021 nan Kano ɗaruruwan mutane suka kwanta asibiti wasu suka rasu saboda gurɓataccen ɗan tsami da garin lemo da suka shiga kasuwa, kuma ta hannun ƙananan masu haɗa lemo abin ya isa cikin gidaje.

Mataki na huɗu, kalandar shekara

Aikin duba gari da yanayi yake tafiya. Daga Maris zuwa Mayu kafin ruwa ya sauka yashe kwata da lambatu da buɗe kwalbati da duba rijiyoyi da masai, in ka bari sai Agusta ka makara. Damina ta amai da gudawa ce da sauro, kuma sauro daga ƙwai zuwa mai cizo kwana bakwai zuwa goma ne, shi yasa zagayen tsofaffin tayoyi da gwangwanaye da randunan da ba a rufe ba sai ya zama duk sati. Hunturu na gobara ne da ɓeraye masu kawo zazzaɓin Lassa, sai a matsa wa rumbunan hatsi da masu shanya abinci a bakin titi. Kafin azumi masu ƙanƙara da zoɓo da kayan marmari da ake nunarwa da kabayid, kafin babbar sallah kara da mayanka da inda za a zuba jini da tumbi. Tsaftar Asabar ɗin ƙarshen wata da muka gada tun zamanin WAI, shirin yaƙi da rashin ɗa'a na 1984, tana da amfaninta amma kada ka ɗauka ita ce aikin, awa uku ce a wata, kuma in an tara shara a bakin kwata babu motar kwashewa ruwan farko zai mayar da ita inda aka ciro ta, dan haka tun ranar Laraba ka tabbatar da mota.

Mataki na biyar, tawaga da kayan aiki

Mutum biyu biyu za su fita, kada ka taɓa tura mutum ɗaya, kuma in gidaje za a shiga dole da mace a ciki, gidan da aka rubuta ba a shiga ita za ta shiga ta ga banɗaki da rijiya da madafi shi ya tsaya a zaure da maigida. Kowa da yunifom da katin shaida a wuya. A jaka akwai fom mai kwafi biyu, littafin notis mai lamba a jere, tocila, tef na awo, na'urar auna zafin abinci, ɗan akwatin gwada kulorin, safar hannu, takunkumi, kwalaben ɗaukar ruwa masu tsafta da kula mai ƙanƙara. Fom ɗin ya zama iri ɗaya ga kowa kuma gajere, shafi ɗaya, manyan laifuka a sama ƙanana a ƙasa, saboda in babu fom kowane ma'aikaci da tasa dokar, wannan ya hana abu gobe wancan ya halatta, daga nan mutane suke raina ku.

Mataki na shida, ranar dubawa

Ba a sanar da ranar zuwa, amma ana sallama. Ka gaisa, ka faɗi sunanka da ofishinka, ka nemi mai wurin ya zagaya da kai. Ka je lokacin da ake aiki, gidan burodi da asuba ko da dare lokacin kwaɓi, mayanka da sassafe, gidan abinci wajen sha ɗaya ana tsaka da girki, in ka je da la'asar an share an wanke babu abin da zaka gani.

A gidan abinci ni daga baya nake farawa, ban damu da teburin gaba ba. Ina ruwan yake, a buɗe ko a rufe, da me ake ɗiba. Ruwan wanke kwano sau nawa aka canza shi tun safe, in ka ga ya yi kauri mai yana yawo a sama ka samu amsa. Akwai sabulu da buta a inda mai girki za ta kai hannu ba sai ta fita ba? Wuƙa da katakon da aka yanka ɗanyen nama su ake yanka salak da su? Sai ka sa na'ura a cikin miya da shinkafa, dafaffen abinci ya kai digiri 70 wajen dahuwa, in za a ajiye shi da zafi ya zauna sama da 60, in da sanyi ƙasa da 5, tsakanin nan ƙwayoyin cuta suke hayayyafa kuma abincin da ya yi sama da awa biyu a haka ya zama abin tsoro. Ka buɗe firji ka taɓa, da yawa kabad ne kawai saboda rashin wuta. Ka haska tocila bayan buhuna ka nemi kashin ɓera. Ka kalli farcen masu aiki da ko akwai mai ciwo a hannu, ka tambayi takardar gwajin lafiyarsu ta wata shida, ka tambaya ko akwai mai gudawa a cikinsu a satin nan, kuma ka yi tambayar a hankali a gefe, ba a gaban masu cin abinci ba.

Yadda kake magana rabin aikin ne. Na taɓa shiga wurin wata dattijuwa mai tuwo da ta fi shekara ashirin a bakin tasha, na tarar randar ruwan shanta a buɗe kowa na tsoma moɗa da hannunsa har wuyan hannu, yaron da ke tare da ni har ya zaro littafin notis. Nace Inna, ruwan nan jikokinki ma shi suke sha ko? Tace shi mana ɗan nan. Na ɗauko moɗar na nuna mata gindinta da ke ajiye a ƙasa kusa da inda ake wanke hannu, ta yi shiru ta kalla, nace bokiti mai famfo da murfi kawai nake roƙo, zan dawo ranar Alhamis. Ranar Alhamis na koma na tarar da shi ta ɗora a kan kujera har da sabulu a gefe, kuma daga baya ita ce ta riƙa kama min sauran masu abincin layin.

A gidan burodi ka shiga sito ka karanta duk abin da ake zubawa a kwaɓi, NAFDAC ta haramta sinadarin buromet mai kumbura burodi tuntuni amma har yanzu ana samun farin gari a leda babu suna, duk abin da babu suna babu kwanan wata ka ɗauki samfur ka rubuta. A wajen masu hatsi ka shinshina buhun wake, masu zuba Sniper da fiya-fiya dan kashe ƙwari suna nan, kuma kada ka tsaya a hani kawai, ka nuna musu buhun PICS mai leda biyu a ciki da ke kashe ƙwaro ba tare da magani ba.

Ruwa kuwa ka auna da tef, kada ka yi kirdado. Tsakanin rijiya da masai ko sokawe ana son mita 30, na san a cikin Birni da Fagge da Dala inda gida ke manne da gida wannan da wuya, toh inda ba a samu ba sai a ɗaga bakin rijiya a yi mata daɓen siminti da murfi da guga ɗaya da ba ya taɓa ƙasa, ruwanta kuma ba a sha sai an sa kulorin ko an tafasa. In an sa kulorin a jira minti 30 a gwada, ana son ragowarsa tsakanin miligiram 0.2 zuwa 0.5 a kowace lita, lokacin annoba a tsaya a 0.5. Jarkokin 'yan garuwa ka leƙa cikinsu da tocila, wata zaka ga gansakuka kore shar.

Ɓangaren gobara da haɗari ka gayyaci ma'aikatan kashe gobara ku fita tare. Wanda ya ga gobarar kasuwar Sabon Gari a 2016 baya buƙatar dogon bayani. Wayoyin wuta da aka jona barkatai, hita da aka bari a jone, fetur a cikin shago, mai gas kusa da mai suya, hanyar da motar kashe gobara za ta bi an cike ta da tebura, tukunyar kashe wuta da kwanan watanta ya wuce ko babu wanda ya iya buɗe ta, ka sa yaron shago ya nuna maka yadda zai yi. Janareto a cikin ɗaki ko a rufaffen lungu kuwa a fitar da shi a gabanka, hayaƙinsa mai kisa bashi da wari kuma cikin barci yake ɗauke mutane.

Kafin ka fita ka karanta wa mai wurin abin da ka rubuta da Hausa, ya sa hannu ko ya dangwala, ka ba shi kwafi.

Mataki na bakwai, notis da komawa

In ka tambaye ni abu ɗaya da ya kashe martabar duba gari zan ce rashin komawa ne. A rubuta notis a tafi, shikenan sai baɗi. Mai wuri yana gane cewa ba za ka dawo ba ya gama da kai. Dan haka notis ya faɗi laifin dalla-dalla da abin da za a yi da ranar da za a dawo, kada a rubuta wurin ba tsafta, a rubuta sokawe ya fashe yana kwarara cikin lungu, a kwashe a gyara murfi cikin kwana bakwai. Abin da zai iya kisa yau, kamar ruɓaɓɓen nama ko ruwan masai na shiga rijiyar da ake sayarwa, a tsayar nan take. A ofis ka kafa allo da ranakun komawa, duk Litinin da safe kafin kowa ya fita a karanta shi, kuma komawa tana gaba da sabon dubawa ko da kuwa za ku rage yawan wuraren da kuke zuwa.

Wanda aka koma bai gyara ba a ba shi gargaɗin ƙarshe a sanar da shugaban layinsu ko mai unguwa, sau da yawa a nan maganar ke mutuwa. In ya ƙi sai kotu, ko ta majistare ko ta tafi-da-gidanka, kuma fayil ɗinka ya cika, kwafin fom da notis mai sa hannu da hotuna masu kwanan wata da sakamakon gwaji in akwai. Kayan da aka kwace a ƙirga a gaban mai su a rubuta, a lalata su a gaban shaidu a ɗauki hoto. Za a kira ka a waya, wani babba zai ce yarona ne a yi haƙuri, ka amsa da ladabi kace yallaɓai a gyara kawai yau in buɗe gobe, ka kuma rubuta wa ciyaman rahoto a ranar dan kada maganar ta zama taka kai kaɗai.

Mataki na takwas, kuɗi da amana

Ma'aikaci baya karɓar kuɗi a fili ko sisi, tara kotu ke yankewa kuma da rasit, kuɗin takardar shaida a asusun hukuma ake biya. Ka faɗi wannan a taron 'yan kasuwa da bakinka ka ba su lambar da za su kira. Burodi biyu da ledar nama da ake cewa a kai wa yara, daga nan ake farawa, wanda ya ci ba zai iya rubuta notis a wurin ba har abada. Duk wata shida ka juya ma'aikata daga wannan mazaɓa zuwa waccan, duk sati ka zaɓi wuri biyu ko uku da aka ce an duba ka je da kanka ka gwada da abin da ke fom. Amma ka yi musu adalci kai ma, mutumin da ka tura Kurna ko Rijiyar Zaki babu kuɗin mai ka riga ka tura shi roƙo, dan haka faɗan kuɗin mai da alawus naka ne a gaban ciyaman da ma'aji.

Mataki na tara, in annoba ta ɓulla

A 2021 sama da mutum dubu 100 aka yi zargin sun kamu da kwalara a Najeriya, sama da 3,000 suka rasu, kuma Bauchi da Kano da Jigawa da Zamfara suna cikin inda ta fi tsanani. Cutar nan daga 'yan awanni zuwa kwana biyar take bayyana, babu lokacin jiran takarda ta bi ofis ofis. Ku zama tsintsiya ɗaya kai da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, yana jin mutum biyu uku daga layi ɗaya ya kira ka, a ranar ku je ku tambayi kowane gida ina suka sha ruwa, me suka ci, wane biki ko zaman makoki suka je. Nan rajistar nan taka za ta yi rana, ka buɗe ka ga burtsatse da rijiyoyi da masu abincin da ke layin ba sai ka fara nema ba. A rufe ruwan da ake zargi amma a kawo wani a madadinsa, a tsayar da mutum a bakin kowane wurin ɗiba yana sa kulorin a jarka. Ruwan kulorin mai ƙarfin kashi 2 cikin ɗari na amai da bayan gida ne, 0.2 na daɓe da gado da kayan sawa, 0.05 na wanke hannu, ka rubuta a jikin kowane bokiti da manyan baƙi dan kada a haɗa. Masu wankan gawa ka je musu ta hannun limami, a ba su safar hannu a nuna musu yadda za su kare kansu ba tare da an taɓa mutuncin mamaci ba.

Mataki na goma, rahoton wata

Shafi biyu ya isa, ciyaman ba zai karanta ashirin ba. Wuri nawa ke rajista, jajaye nawa aka duba cikin nawa, notis nawa aka bayar, nawa aka koma, nawa suka gyara, nawa ke kotu, ƙorafin jama'a nawa ya shigo kuma kwana nawa kafin a je. Kuɗin tara ka sa shi can ƙasa, in ya hau sama gobe za a ce ka ninka shi kuma ma'aikatanka za su koma farauta. A ƙarshen shafi na biyu ka rubuta abu uku kacal da kake buƙata da kuɗin kowanne, ka haɗa da hoto ɗaya na kafin gyara da ɗaya na bayan gyara, ka kai da hannunka ranar da ka san yana ofis, kwafi ɗaya ga shugaban sashen lafiya, ɗaya ga hakimi, ɗaya a fayil.